Kundin gyaran layin sikelin mota, Gadarif ta ƙasar Sudan, kakar riɗi ta 2022

Asabar, 8 ga Oktoba

Kawu ya aiko a kira ni bayan azahar. Na tarar da manyan motoci uku a layi, direbobi sun sauko suna shan jabana, gahawar Sudan, a inuwar katanga, Malam magatakarda kuma yana rubuta nauyi da biro a bayan wani tsohon rasit saboda kwamfutarsa ta ce ba ta ganin fayil ɗin lissafi. Kawu ya ce, "Ɗana, abin nan ya ishe ni. Nan da mako uku riɗi zai fara shigowa gadan-gadan, ba na son mota ta kwana a ƙofata saboda waya." Na ce, "To Kawu, a ba ni lokaci in gano abin da ke faruwa kafin a sayi komai."

Bari in rubuta yadda tsarin yake, don kada in manta. A bakin ƙofa akwai ɗakin sikeli. Allon sikelin yana turo nauyi ta tsohuwar wayar RS-232, a gudun 9600, zuwa kwamfuta mai Windows XP. Daga nan wayar sadarwa ta bi ƙarƙashin ƙasa zuwa ofis, ta shiga rami na 7 na wani suwic Cisco 2950 da aka sayo na hannu, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci. Babbar kwamfutar ofis, mai Windows Server 2003, ita ke riƙe da fayil guda ɗaya da kowane awo ke shiga cikinsa. Idan layin ya yanke ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin kan lalace, kuma hakan ya faru sau biyu bana.

Kowa ya ji labarin sai ya ce a zubar da tsofaffin a sayi sabbi. Gaskiya ne Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, Server 2003 kuma tun 14 ga Yuli 2015. Amma manhajar awon ba ta tashi sai da wani ɗan makulli da ake cusawa a tsohon ramin firinta, wanda ya rubuta ta kuwa ya daɗe da barin ƙasar. A cikinta akwai lissafin shekara da shekaru na manoma da dillalai, kantari (ma'aunin nauyin amfanin gona) nawa wane ya kawo, nawa ake bin wane. Ba a sauya irin wannan ana gab da kaka.

Shawarar da na yanke: ba zan taɓa waya ko ɗaya ba sai injinan sun faɗa mini da bakinsu lokacin da layin ke yankewa.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Na buɗe Event Viewer, inda Windows ke nuna kundin abin da ya faru da ita, a kwamfutar sikeli da tunanin zan tarar da tarihin wata guda. Abin da na tarar ya sanyaya mini jiki. Kundin tsarin ya cika maƙil, kuma shigarwa ta ƙarshe ta kwana huɗu.

Dalilin a fili yake. XP tana zuwa da kundi mai girman kilobayit 512 kacal, da umarnin kada a goge abin da bai kai kwana bakwai ba. To idan ya cika da abubuwan da ba su kai kwana bakwai ba, sai ta daina rubutu gaba ɗaya, ta fito da ɗan saƙo cewa kundi ya cika. Na tambayi Malam ko yana ganin saƙon. Ya ce kullum, yakan danna ya wuce, tun da ba wanda ya taɓa gaya masa amfaninsa. Abin da ke cika kundin kuwa ƙorafin wata matacciyar na'urar faifan CD ce da ke cikin akwatin, tana ta kuka ba dare ba rana. Na buɗe na zare mata waya, na hure ƙurar da ta kai kaurin yatsa a kan fanka, na ƙara girman kundin zuwa kilobayit 16,384, na sa ya riƙa goge mafi tsufa idan ya cika. Haka na yi wa ta ofis.

Lambobin da zan sa wa ido: 4202 idan katin sadarwa ya ji an raba shi da layi, 4201 idan layi ya dawo, 50 idan rubutu zuwa fayil ɗin ofis ya faɗi a hanya. Sai 6006 da 6005, na kashewa da kunnawa. In na ga 6005 babu 6006 a gabanta, na san wuta ce ta ɗauke wa kwamfutar, ba mutum ne ya kashe ta ba.

Na sayo littafin makaranta mai shafi arba'in na ba Malam. Na ce duk lokacin da abin ya tsaya ya dubi agogon wayarsa ya rubuta.

Talata, 11 ga Oktoba

Layi ya yanke sau biyu, kundi ya kama duka biyun. Ban yi komai ba, na kwafe shi a filashi na tafi da shi gida.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Na karya alkawarin da na yi wa kaina. Da safe layi ya yanke mota tana kan sikeli, direban ya hau faɗa, Kawu ya fito yana kallona bai ce komai ba. Shirun nasa ya fi mini faɗan direban nauyi. Na hau raksha, keke mai ƙafa uku, na tafi kasuwa, na sayo katin sadarwa na hannu a kan fam 8,000, na saka. Sai da na ɓata awa biyu ina neman manhajar da za ta tuƙa katin a XP, daga ƙarshe na same ta a wani tsohon faifai a jakata.

Bayan la'asar layi ya sake yankewa, da sabon katin a ciki. Kuɗin ba su ne suka fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne na sauya abu a tsakiyar bincike, yanzu kundin kafin yau da na bayan yau ba na na'ura ɗaya ba ne, dole in riƙa tuna hakan duk lokacin da nake kwatanta su. Na bar sabon katin a ciki don kada in ƙara dagula ruwan.

Litinin, 17 ga Oktoba

Daren jiya na zauna da kundin kwana takwas a kan laftof ɗina. Yankewa goma sha tara. Wasu a warwatse suke, amma guda bakwai sun taru wuri ɗaya: tsakanin 10:00 da 10:10 na safe, kusan kowace ranar aiki. Ƙarfe goma kuwa lokacin fatur ne, wato karin kumallon hantsi. 'Yan dako sukan shiga ɗakin sikeli saboda fanka, su zauna a ƙasa kewaye da kwanon ful, dafaffen wake, kuma wayar sadarwar ta bi ta gindin bango daidai inda suke jingina.

Na ga kamar na kama ɓarawo da kaya a hannu. Da safe na faɗa wa Kawu a gaban Malam cewa masu cin abinci ne ke taka waya, a hana kowa shiga ɗakin. Malam ya ce a hankali, "Injiniya, ni dai a littafina ƙarfe goma sha ɗaya nake rubutawa." Na ce masa kwamfuta ba ta kuskuren lokaci. Bai ƙara magana ba. Kawu ya ba da umarni, yau 'yan dako sun ci fatur ɗinsu a ƙarƙashin mota.

Laraba, 19 ga Oktoba

Jiya ba wanda ya shiga ɗakin, amma layi ya yanke. Yau na zo da kaina na zauna tun ƙarfe tara, kundi a buɗe a gabana. Goma ta yi ta wuce lafiya lau. Da 11:04 sai ga 4202 ta faɗo, ina kallo. Na duba na jiya da na shekaranjiya a kan kwamfutar sikelin kanta, duk sha ɗaya da 'yan mintuna. Na buɗe kwafin da ke laftof ɗina, waɗannan shigarwar dai su ne, amma goma da 'yan mintuna.

Sai na tuna. Ranar 1 ga Nuwamba 2017 Sudan ta mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga awa uku gaba da agogon GMT zuwa awa biyu. Sabbin kwamfutoci da wayoyi sun samu gyaran ta intanet, XP kuwa ba wanda ya aika mata. Wani ya gyara mata agogo da hannu a lokacin, ya bar shiyyar lokacinta a kan Nairobi. A fuska tana nuna lokaci daidai, rasit ma yana fita daidai, shi ya sa shekara biyar ba wanda ya lura. Amma Windows ba ta ajiye lokacin gida a kundi, lokacin duniya take ajiyewa, sai wanda ya buɗe a lissafa masa da shiyyar kwamfutarsa. Ita ta ɗauka ƙarfe sha ɗaya namu takwas ne a agogon duniya, laftof ɗina ya ƙara awa biyu a kan takwas ya ba ni goma.

Ta ofis kuma nata daban: ba a taɓa agogonta ba sam, tana gaba da awa ɗaya da minti goma sha ɗaya. Suwic ɗin ya fi su duka, don ba shi da batirin agogo, duk lokacin da ya tashi yana farawa ne daga 1 ga Maris 1993. Injina uku, lokuta uku, ni kuma na zauna ina haɗa shaidarsu kamar agogo ɗaya suke kallo.

Littafin Malam ne kaɗai ya faɗi gaskiya tun ranar farko, kuma na ƙi buɗe shi da kyau saboda da biro aka rubuta. Mutumin nan sa'an mahaifina ne, yana kan wannan sikeli tun ina makarantar allo. Tunda a gaban Kawu na ƙaryata shi, a gaban Kawu na je na ce, "Malam, ka yafe mini. Naka lissafin ne daidai, nawa ne ya karkace." Ya ce, "Ba komai yarona, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. A dai bar yaran nan su dawo inuwa." Na fita na gaya musu da kaina.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Ranar agogo. Na mayar da kwamfutocin biyu shiyyar Harare da Pretoria, wadda take awa biyu gaba da GMT kuma ba ta sauyin bazara. Ban zaɓi Alƙahira ba saboda tsohon tsarin XP zai riƙa matsa mata agogo da kansa. Na sauya batirin agogon kwamfutar sikeli, CR2032, fam 1,000.

Na kawo wani tsohon laftof daga gida mai Linux, na ajiye shi a kan kabad ɗin ofis da ayyuka uku. Shi zai riƙa ba kowa lokaci. Shi zai karɓi duk abin da suwic ya faɗa ta hanyar syslog a ƙofa ta 514, domin kundin suwic a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake, da wuta ta ɗauke ya tafi. Kuma kowane daƙiƙa biyar zai ƙwanƙwasa wa kwamfutar sikeli da ta ofis, wadda ba ta amsa ba ya rubuta. Na zaɓi laftof ne saboda batirinsa, ko kowa ya mutu shi yana raye yana rubutu.

Duk abin da na tara kafin yau na ajiye shi gefe. Ƙirga ya fara sabo.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Kundi yana taruwa. Motocin riɗi na farko sun fara shigowa daga gonakin kudu, shida yau. Kowane dare ina kwafe fayil ɗin lissafi a filashi biyu, ɗaya a aljihuna ɗaya a akwatin Kawu.

Laraba, 26 ga Oktoba

Da agoguna suka daidaita sai abin ya rabu gida biyu da kansa, ashe cuta biyu nake yi wa magani ɗaya.

Ta farko: kwamfutar sikeli da ta ofis su ɓace wa laftof a daƙiƙa ɗaya, su dawo tare bayan kusan minti biyu, suwic kuma bai ce komai ba kafin nan, sai dai ya farka yana gabatar da kansa kamar sabon zuwa. Na tambaye shi tsawon lokacin da ya yi a kunne, ya ce awa uku, kuma dalilin tashinsa dawowar wuta ne. Na je wurin Baba maigadi, wanda shi ke tayar da janareto, na karanto masa lokutan. Ya ce, "Ƙwarai ɗan nan, wannan ana kiran azahar aka ɗauke, wancan kuma ina alwalar la'asar." Duka huɗun sun dace.

Na leƙa bayan kabad. Suwic yana jone da wani tsohon UPS, akwatin da ke riƙe wuta in an ɗauke, da batiransa biyu suka kumbura har murfin ya ƙi buɗuwa sai da sukuddireba. Lokacin da aka sayo sabon UPS an mayar da babbar kwamfuta kansa, an manta da suwic. Kwamfutocin biyu suna tsallake ɗaukewar wuta lafiya, gadar da ke tsakaninsu ce ke faɗuwa. Na mayar da shi kan sabon nan take, na kuma yi odar batira biyu masu bolt 12 don tsohon, fam 15,000 kowanne.

Ta biyu ita ce ta ƙarfe sha ɗaya. Rami na 7 kaɗai ke sauka, ya hau bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta ofis ko gezau. Amma laftof ya nuna kwamfutar sikeli ba ta amsawa sai bayan daƙiƙa talatin da wani abu. Wannan ɗabi'ar suwic ce: duk ramin da ya hau sai ya saurara daƙiƙa goma sha biyar, ya ƙara goma sha biyar yana koyo, don tabbatar da ba a yi zobe da wayoyi ba, sannan ya bar saƙo ya wuce. Ƙiftawar ido ke nan take zama rabin minti, rabin minti kuwa ya isa manhajar awo ta yanke ƙauna. Na kunna portfast, saitin da ke tsallake wannan jira, a ramukan kwamfutocin biyu. Wannan rage zafi ne kawai, har yanzu ban san me ke girgiza ramin ba.

Asabar, 29 ga Oktoba

Na share ƙididdigar rami na 7 da sassafe na zauna ina duba ta kowane minti goma. Daga bakwai zuwa takwas saura, kurakuran CRC, wato saƙonnin da suka iso a lalace, sifili. Da aka tayar da injin tankaɗe riɗi sai suka fara hawa, ɗaruruwa cikin minti kaɗan. Ƙarfe goma aka kashe injin don fatur, lambar ta tsaya cak kamar an taka mata birki. Sha ɗaya da minti uku aka sake tayarwa, fitilar ofis ta dushe kamar yadda ta saba, suwic ya rubuta cewa rami na 7 ya sauka.

Ashe fatur ɗin yana da hannu a ciki, amma ba ta inda na ɗora laifin ba. Ƙarshensa ne, lokacin da babbar motar lantarkin injin, mai layi uku, take jan wuta da ƙarfi don ta tashi. Na safe ma yana faruwa, sai dai a sauran ranaku Malam bai kunna kwamfuta ba tukuna a lokacin, shi ya sa kundinta bai taɓa gani ba.

Na ce ina son sanin ta inda wayar ta bi. Babu zane, babu wanda ya rubuta. Baba maigadi ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Ya tsaya a kusurwar ɗakin injin ya caka ƙasa. Ya ce damina biyu da suka wuce an haƙa magudanar ruwa a nan, diga ta sari wata waya, mai gyaran wuta ya haɗa ta aka rufe. Yara biyu suka haƙa a hankali. Baƙar lakar Gadarif ta riga ta fara tsagewa tunda ruwa ya ɗauke, tsagar har hannu yana shiga, kuma ta ja bututun robar ta raba shi biyu. A ciki ga wayar sadarwa kwance jiki da jiki da kebul ɗin injin, tsawon kusan mita ashirin. Ga kuma haɗin: zare takwas an warware murɗinsu kusan tsawon taƙi, an ƙulla kowanne da hannu kamar wayar fitila, an naɗe da baƙin salatif. Da na warware salatif ɗin sai laka mai danshi ta zubo, zare biyu sun yi fari-fari sun fara rududdugewa. Na kankare ɗaya da wuƙa, ciki fari fat. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Murɗin nan da aka warware shi ne garkuwar wayar, shi ke sa hayaniyar wuta ta soke kanta. Ban ga laifin mai gyaran ba, a aikinsa haɗi mai kyau ya yi, ba wanda ya gaya masa wannan wayar ba ta cikin irin nasa. Daga lambobin da ke jikin robar na lissafa tsawonta mita 96, iyaka kuwa 100 ce. Dama a bakin gaɓa take tun ranar da aka shimfiɗa ta.

Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na sa kawuna biyu da mahaɗi, na cusa a cikin ƙaramin akwatin roba, na ɗaga shi sama da ƙasa a jikin bango. Na san wannan ba gyaran dindindin ba ne.

Talata, 1 ga Nuwamba

Kurakurai sun ragu sosai amma ba su ƙare ba, rami ya sauka sau ɗaya jiya. Na sauke gudun layin daga megabit 100 zuwa 10, wanda ya fi haƙuri da waya mai rauni, awon mota kuwa 'yan layukan rubutu ne, ba ya bukatar gudu. Na saita ɓangarorin biyu da hannu iri ɗaya, suwic da kati. In aka ƙayyade ɗaya aka bar ɗaya ya zaɓa wa kansa, na biyun yakan faɗa yanayin magana bi da bi alhali ɗan'uwansa yana magana ba jira, sai a haifi sabuwar matsala.

Batira sun iso daga Khartoum a motar safa. Na saka.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Kwana bakwai shiru, har na fara sakin jiki. Yau da hantsi, motoci goma sha ɗaya a layi, Malam ya kira: "Injiniya, ta sake." Na taho a guje ina tunanin haɗina ne ya saki.

Laftof na fara dubawa kafin waya. Suwic bai ce komai ba, rami na 7 yana sama tun ranar Talatar makon jiya, CRC bai motsa ba. A kwamfutar sikeli babu 4202. Sai wata lamba da ban gani ba tun fara aikin nan, 4199: wata na'ura a layin tana amfani da adireshin kwamfutar sikeli. Saƙon ya ba da lambar jikin na'urar, harafinta na biyu A ne, alamar lamba ce ta ƙirƙira irin wadda wayoyin zamani ke sauyawa don ɓoye kansu. Wayar hannu ce ke nan.

Akwatin intanet na 4G da ke ofis yana jone da suwic ɗin, kuma yana raba adireshi daga 2 har 254 ga duk wanda ya shigo. Kwamfutar sikeli tana zaune a kan 20 da aka sa mata da hannu, akwatin bai san da zamanta ba. A ranakun da ba kowa, wayoyi biyar ko shida ne, rabo ba ya kaiwa 20. Yanzu kaka ce, ofis cike da dillalai masu son tura kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, ƙanena kuma ya rubuta kalmar sirri a kwali ya manna a bango don a daina damunsa da tambaya. Na taƙaita rabon ya fara daga 100, na kashe akwatin na kunna, cikin minti goma sikeli ya dawo aiki. Da ranar 13 ga Oktoba ce, da na tafi kasuwa neman sabuwar wayar sadarwa.

Abin da ya hana ni barci daren nan ba adireshin ba ne. Wayar kowane baƙo tana layi ɗaya da kwamfutoci biyu da ba a toshe musu ɓaraka ba shekara da shekaru. Cutar WannaCry ta watan Mayun 2017 ta irin wannan tsohuwar hanyar raba fayil ta bi, ƙofa ta 445, wadda lissafin Kawu gaba ɗaya ke bi kullum. Na cire kwalin daga bango na sauya kalmar sirri.

Alhamis, 17 ga Nuwamba

Babu yankewa. An ɗauke wuta sau biyar a makon nan, suwic bai mutu ko sau ɗaya ba. CRC yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da injin ke aiki, bai kai ya sauke rami ba. Na koya wa Malam buɗe kundi da tace lambobi uku. Ya rubuta su a bangon littafinsa, ya ce zai ci gaba da nasa rubutun duk da haka. Na ce don Allah ya ci gaba.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Na zauna da Kawu bayan la'asar muka yi lissafi. Kati 8,000, wanda bai kamata a saya ba, na ce a cire daga ladana, ya ƙi. Batirin agogo 1,000. Batiran UPS 30,000, kuɗin mota 3,000. Kawuna, mahaɗi da akwatin roba 4,500. Masu haƙa 6,000. Jimla fam 52,500.

Ramin da muka haƙa har yanzu a buɗe yake, an ɗora masa katako, kuma ba na son dawa ta fara shigowa a watan gobe motoci suna bi ta gefensa. Na kawo wa Kawu hanya biyu. Ko sabuwar waya ta jan ƙarfe zalla mai jure waje, a sabon bututu ta bayan sito nesa da kebul ɗin injin, amma na auna da igiya hanyar ta kai mita 130, ta wuce iyaka, sai an dasa wani suwic a tsakiya da wutarsa da matsalarsa. Ko zaren gilashi da na'urar juyi ɗaya a kowane baki, wanda bai san hayaniyar wuta ba, tsawar damina ma ba ta bin sa. Ni na biyun nake so. Kawu ya ce, "Ka tambayo farashi, amma kada a taɓa komai ranar aiki." Mun tsayar da wata Juma'a a tsakiyar Disamba, in kaya sun iso. Khartoum ta fi kilomita 400 daga nan, kuma ina son a haɗo mini zaren da kawunansa tun daga can, don ban san mai injin haɗa shi a garin nan ba sai ma'aikatan kamfanonin waya.

Kafin nan, gobe da dare zan raba suwic gida biyu, sikeli da babbar kwamfuta da laftof a ɗaki ɗaya, wayoyin baƙi a wani, laftof ya riƙa samo lokaci ta katinsa na iska. Zan kuma ɗauki hoton faifan kwamfutar sikeli gaba ɗaya, domin tun makon jiya nake jin wata 'yar ƙara a cikinsa idan ya tashi da safe, ko da yake kundi bai ce komai a kansa ba tukuna. Na tambayi wani abokina a Wad Madani ko yana da tsohon akwati mai ramin firinta da zan ajiye a gefe, ya ce zai duba shagonsa ranar Litinin.